Mu Leƙa Mu Gani: Akawun da Ba Ya Barci

A wannan wata muna so mu leƙa Amurka tare da ku, mu duba wani akawu wanda miliyoyin iyalai su ke magana da shi a kan kuɗinsu, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Dare da rana yana bakin aiki, ko ranar hutu ba ya tashi. Wannan akawu kuwa ba mutum ba ne. Muryar na'ura ce, wadda ke amsa waya a ƙungiyoyin ajiya da rance.

Ga yadda abin ya ke tafiya. A ce wata ma'aikaciyar asibiti ta tashi daga aiki da ƙarfe biyu na dare, tana so ta sani ko albashinta ya shiga. Ofishin ƙungiyarsu a kulle ya ke tun da yamma. Sai ta buga lambar ƙungiyar. Murya ta gaishe ta, ta nemi lambarta ta memba da lambarta ta sirri, sa'an nan ta faɗa mata abin da ke cikin asusunta, ba ragi ba ƙari. In tana so a ɗebi wani abu daga ajiyarta a biya bashin mota, nan take za a yi. Ta ajiye waya ta kwanta, ba ta yi magana da ɗan adam ko ɗaya ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a Amurka? Da ruwanmu ƙwarai. Irin wannan murya ta riga ta iso gare mu. Duk wanda ya taɓa kiran kamfanin waya, ya ji ana ce masa ya danna lamba kaza in Hausa ya ke so, ai ya sadu da ita. Daɗin daɗawa, ilimin da ya koya wa na'ura magana shi ne yanzu ya ba ɓarawo ikon aron muryar ɗanka, ko ta maigidanki. Saboda haka ya kamata kowane gida ya san yadda abin ke aiki, da inda amfaninsa ya tsaya.

Gidan da muryar ke aiki

Kafin mu yi zancen muryar, bari mu san gidan da ta ke aiki. Ƙungiyar ajiya da rance tana kama da banki, amma akwai bambanci babba. Banki na masu hannun jari ne, ribarsa tasu ce. Ita kuwa ƙungiya ta masu ajiya ce su da kansu. Duk wanda ya buɗe asusu ya zama memba, yana da ƙuri'a ɗaya a taron shekara, ko dala 5 ya ajiye ko dala 50,000. Daga abin da aka tara a ke ba membobi rance da ruwa mai sauƙi, rarar da aka samu kuma ta koma gare su. Wanda ya san adashi ya riga ya fahimci rabin maganar, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Jamus abin ya fara ƙarfi. A shekarar 1864 wani magajin gari mai suna Friedrich Raiffeisen ya kafa irin wannan ƙungiya a Heddesdorf, domin ya ceci manoma daga hannun masu ba da bashi da ruwa mai tsanani. A ƙarshen 1900 Alphonse Desjardins ya kafa wata a garin Lévis na ƙasar Kanada. A cikin gidansa aka buɗe ta a Janairun 1901, kuma ajiya ta fari da aka kawo santi 10 ce tak. Shi ne kuma ya taimaka aka kafa ta farko a Amurka a 1908, a garin Manchester na jihar New Hampshire, domin ma'aikatan masaƙa. A 1934 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba da hanyar kafa su a ko'ina cikin ƙasar. Nan Afirka ma an san su, gama a Jirapa ta arewacin Gana an kafa ɗaya tun 1955.

Ku lura da tushen abin. Dukan waɗannan ƙungiyoyi a kan sanin juna aka gina su. Sai mutane suna da abin da ya haɗa su, ko wurin aiki ɗaya, ko gari ɗaya, kafin su shiga ƙungiya ɗaya. Ma'aji ya san kowa da fuska da murya. Ya san mai biyan bashi a kan kari, ya san mai kwana da shi. Halin mutum shi ne jinginarsa.

Amma yau ƙungiyoyin sun yi girma ƙwarai. Ga misali wadda a ke kira Navy Federal. Ma'aikata 7 ne na ma'aikatar sojan ruwa suka fara ta a 1933, amma a 2023 membobinta sun haura miliyan 13, da yawansu sojoji ne da iyalansu, warwatse a ƙasashen duniya. Wanda aka tura Japan, rana tsaka ce a wurinsa sa'ad da ofishin ƙungiyarsa ke cikin dare. A ƙarshen 2024 ƙungiyoyin da gwamnatin tarayyar Amurka ta yi wa inshora sun kusa 4,500, membobinsu kuwa sun fi miliyan 140. Wane ma'aji ne zai san waɗannan duka? Ƙananan ƙungiyoyi kuma ba su da kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su kwana a bakin waya. Ta wannan ƙofa na'ura ta shigo.

Domin ta yi aikin akawu, na'ura tana bukatar abu uku: bakin da za ta yi magana, da kunnen da za ta ji, da hanyar da za ta kai ga littafin ajiya. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Yadda ta sami baki

Baki aka fara samu, kuma a kan faɗin lokaci aka fara gwada shi. A Faris, shugaban gidan nazarin taurari, Ernest Esclangon, ya gaji da masu kiran ofishinsa suna tambayar ƙarfe nawa. A 1933 ya sa aka ƙera agogo mai magana, wanda ke amsa waya da kansa. Landan ta bi sahu a 1936, da muryar wata ma'aikaciyar gidan waya mai suna Jane Cain, wadda aka ɗauka a kan faya-fayan gilashi. Ba su sa ta ta karanta kowane lokaci na dare da rana ba. Gutsattsarin magana aka ɗauka, sa'o'i daban, mintoci daban, na'ura kuma ta riƙa haɗa su.

Wannan dabara ce aka kawo cikin sha'anin kuɗi. A kan sami wani mai murya mai daɗi, ya shiga ɗakin ɗaukar magana, ya karanta gaisuwa, da sunayen asusu, da na watanni, da lambobi duka. A kan sa shi ya faɗi lamba ɗaya fiye da sau ɗaya, domin yadda a ke faɗinta a tsakiyar magana daban ya ke da yadda murya ke sauka a ƙarshe. Sa'ad da memba ya kira, sai na'ura ta zaɓo gutsattsarin da ta ke bukata, ta jera su kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye. Shi ya sa tsofaffin muryoyin nan su ke magana da tsaye-tsaye, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Tun 1964 kamfanin IBM ya fito da na'ura mai lamba 7770, wadda ke amsa tambaya ta waya da kalmomin da aka adana mata.

Akwai hanya ta biyu, watau na'ura ta ƙera sautin da kanta. A babban baje kolin New York na 1939, masanan Bell Labs sun nuna wata na'ura mai suna Voder. Mace ce ke zama a gabanta tana danna maɓallai da yatsu, tana taka wani abu da ƙafa, kamar mai kaɗa molo na zamani, sai magana ta fito. Koyon sarrafa ta ya kan ci wajen shekara guda. Daga wannan ƙaramin mafari aka yi ta ci gaba, har a 2016 kamfanin DeepMind na Landan ya nuna wata hanya mai suna WaveNet. A nan kwamfuta ce ke sauraron magana ta sa'o'i masu yawa, har ta koyi yadda muryar mutum ke hawa da sauka. Irin wannan murya tana iya faɗin sunan da ba a taɓa karanta mata ba, kuma da ƙyar kunne ke rabe ta da ta mutum. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda ta sami kunne

Kunne na fari ba magana ya ke ji ba, sautin maɓallai ya ke ji. A dā, wayar tarho tana da faifai mai ramuka wanda a ke juyawa da yatsa. Ran 18 ga Nuwamba 1963 kamfanin Bell ya fara ba jama'a waya mai maɓallai, a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pennsylvania. Kowane maɓalli da aka danna yana fitar da sauti biyu a haɗe, ɗaya na layinsa na kwance, ɗaya na layinsa na tsaye. Maɓallin 1 yana haɗa sautin da ke kaɗawa sau 697 a sakan da wanda ke kaɗawa sau 1,209. Maɓallin 5 kuwa yana haɗa 770 da 1,336. An zaɓi sautukan ne yadda maganar mutum ba za ta yi kama da su bisa kuskure ba. Kowa zai iya gwadawa. A danna 1, da 2, da 3 a jere, za a ji sautin yana hawa. Da na'ura ta ji sautin nan biyu, ta san lambar da aka danna. Wannan kunne ba ruwansa da harshenka ko karin maganarka, shi ya sa har yau ba a yar da shi ba.

Kunne na biyu shi ne mai wuya, watau jin maganar mutum. A 1952 Bell Labs suka ƙera wata na'ura mai suna Audrey, wadda ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara, amma sai da muryar da ta saba da ita ta ke yin aiki sosai. A 1962 IBM suka nuna tasu mai suna Shoebox, mai gane kalmomi 16. Sai bayan shekaru da yawa abin ya kai ga a amince masa da sha'anin kuɗi. A 1996 kamfanin Charles Schwab ya buɗe layin da mutum zai faɗi sunan kamfani da bakinsa, na'ura ta gaya masa farashin hannun jarinsa.

Ta yaya ta ke ji? Wanda ya taɓa yin shifta a makaranta zai gane. Malami yana karantawa, yaro yana rubutawa. In wata kalma ta kuɓuce masa, ya kan dubi ta gaba da ta baya ya yi hasashe. Haka na'ura ta ke yi. Tana auna sautin da ke shigowa ta waya sau 8,000 a kowane sakan, ta yayyanka shi ƙanana ƙanana, ta gwada kowane yanki da abin da ta koya, sa'an nan ta zaɓi kalmar da ta fi dacewa da wurin. Aikin yana da wuya domin layin waya na gargajiya ba ya ɗaukar dukan murya. Sautin da ke kaɗawa tsakanin 300 da 3,400 a sakan kaɗai ya ke wucewa, saura ya zube a hanya. Dalili ke nan harafin s da f su ke rikicewa a waya, har ga kunnen mutum.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, na'ura hasashe ta ke yi. In ta tabbata sai ta ci gaba, in tana shakka sai ta ce a maimaita. A Turanci kalmar sha biyar da ta hamsin sun yi kusa ƙwarai, saboda haka na'urar kirki ta kan maimaita adadin kuɗi, ta jira ka ce i, kafin ta taɓa asusunka. Kuma ba kowa ta ke ji daidai ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin jin magana na manyan kamfanoni biyar, watau Amazon, da Apple, da Google, da IBM, da Microsoft. Sun tarar a cikin kowace kalma 100 na'urorin su kan kuskure wajen 19 in farar fata ke magana, amma wajen 35 in baƙar fatar Amurka ne. Na'ura ta fi jin irin muryoyin da aka fi koya mata da su. Ɗan'uwanmu da ya je can da karin Turancin gida, kada ya ga laifin kansa in ta ce ya maimaita.

Abu na uku mai sauƙi ne. Muryar ba ta riƙe da ko anini. 'Yar aike ce kawai. Tana karɓar tambayarka ta kai wa babbar kwamfutar ƙungiya, inda littafin ajiya ya ke, ta karɓo amsa ta faɗa maka. Littafin da akawun ofis ke dubawa da rana shi ne ita ma ta ke dubawa da dare.

In za ta yi Hausa

Ranar da za a sa irin wannan na'ura ta yi lissafin kuɗi da harshenmu, masu ƙera ta za su sha aiki. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Mafi haɗari ma, ku dubi kalmomin nan biyu, «ya biya». In an ja wasalin fari da murya a sama, mutum ya riga ya sauke bashinsa. In an taƙaita shi da murya a ƙasa, umarni ne a ke ba shi ya je ya biya. Bakwai da takwas kuma su kan rikice in layi ba shi da kyau. Sa'an nan in wani ya ce dubu ɗari biyu da hamsin, 250,000 ya ke nufi ko 200,050? A kasuwa mu kan gane da ganin kayan da a ke ciniki. Na'ura ba ta ganin kaya, sai ta tambaya.

Murya ta zama mabuɗi

Lambar sirri tana da matsala. Mutane su kan manta da ita, waɗansu su rubuta ta a inda bai kamata ba. Sai masana suka ce, me zai hana muryar mutum ta zama mabuɗinsa? Maƙogwaron kowa daban ne, haka bakinsa da hancinsa, haka kuma yadda ya saba furta kalmomi. Na'ura za ta saurare ka, ta auna waɗannan abubuwa, ta adana su kamar yadda a ke adana zanen yatsa. Gobe in ka kira sai ta gwada. Bankin HSBC na Ingila ya fara wannan ga jama'a a 2016, waɗansu bankuna da ƙungiyoyin ajiya a Amurka su ma suka ɗauka. A wata fuska, an yi ƙoƙari ne a mayar da abin da ma'ajin dā ya ke yi, wanda da jin sallamarka ya san kai ne.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma ba a daɗe ba aka ga gaskiyar maganar. A watan Mayu 2017 wani ɗan jaridar BBC, Dan Simmons, ya sa ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye ya kwaikwayi muryarsa. Sau bakwai na'urar HSBC ta ƙi, a na takwas ta buɗe masa, har ya ji abin da ke cikin asusun. Bankin ya ƙara tsaro bayan haka. Wannan kuwa ɗan adam ne ke kwaikwayo. A Janairun 2023 masanan Microsoft sun nuna wata na'ura mai suna VALL-E, wadda ke kwaikwayon muryar mutum bayan ta saurare shi na sakan 3 kacal. A Fabrairun 2023 wani ɗan jarida, Joseph Cox, ya sa kwamfuta ta ƙera muryarsa, ya kunna wa layin bankin Lloyds, ya haɗa da ranar haihuwarsa, ya shiga asusunsa. A Yulin 2025 shugaban kamfanin OpenAI, Sam Altman, ya gargaɗi manyan ma'aikatan banki a wani taro a Washington cewa dogara ga murya kaɗai ya zama haɗari.

Kun ga yadda baki ya ci amanar kunne. Ci gaban da ya sa muryar ƙungiya ta yi daɗin ji shi ne ya raunana mabuɗin murya. Yanzu akwai kamfanonin da aikinsu shi ne ƙera na'urar da ke gane muryar jabu, ƙungiyoyi masu hankali kuma ba su ƙara dogara ga murya ita kaɗai ba. Su kan duba wayar da aka kira da ita, su aika da lamba ta ɗan lokaci, su ƙara tambaya in kuɗin da za a motsa yana da yawa.

Ɓarayi kuwa sun gane cewa yaudarar mutum ta fi yaudarar na'ura sauƙi. A 2019 shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila ya aika da yuro 220,000, domin ya ɗauka muryar ubangidansa na Jamus ce ke ba shi umarni ta waya. A Yunin 2023 wata uwa daga jihar Arizona ta ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Ta ce an kira ta, ta ji muryar 'yarta tana kuka, wani mutum kuma yana neman kuɗin fansa dala miliyan ɗaya, alhali yarinyar tana lafiya lau, ba wanda ya taɓa ta. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta Amurka ta sa ƙirƙirarriyar murya cikin dokar da ta hana kiran mutane da na'ura ba da yardarsu ba. Amma doka ba ta kwana a ɗakin kowa. Tun muna yara mun ji a tatsuniya yadda mugun nama ya ke gyara muryarsa ta yi kama da ta uwa, domin yara su buɗe masa ƙofa. Abin da muka ɗauka tatsuniya ne, ga shi ya fito fili.

Abin da ya kamata iyali su yi

Kada wani ya ɗauka muna cewa a guje wa waɗannan na'urori. Amfaninsu yana da yawa. Makaho yana jin asusunsa ba sai wani ya karanta masa ba. Tsoho wanda ba shi da intanet ba sai ya shiga mota ya je ofis ba. Mai aikin dare yana biyan bashinsa a kan kari. Abin da a ke bukata shi ne ka'idodi kaɗan waɗanda kowa a gida zai sani, ko a Amurka ya ke ko a nan.

Na ɗaya, a bambanta kiran da ka yi da kiran da aka yi maka. In kai ne ka buga lambar da ke bayan katinka, ka san gidan da ka shiga. In kuwa kiran ka aka yi, ba ka san wanda ke bakin ƙofa ba, ko da sunan bankinka ya fito a fuskar waya, gama ana iya ƙirƙirar wannan ma. Ƙungiya ko banki na gaskiya ba zai kira ka ya nemi lambarka ta sirri ba, ko lambar ɗan lokaci da aka aiko maka. A nan gida ma haka ya ke game da lambar BVN. Ka kashe wayar, ka kira da kanka.

Na biyu, kowane gida ya zaɓi wata kalma ta asiri wadda 'yan gida kaɗai suka sani, ba a rubuta ta a waya ba, ba a faɗe ta a waje ba. In an kira da muryar ɗa ko ta miji ana neman kuɗi da gaggawa, a tambayi kalmar. In ba a yi wannan shiri ba, a yi tambayar da ɗan gida ne kaɗai zai iya amsawa, ko kuma a kashe a kira shi a lambarsa da aka sani.

Na uku, a ji tsoron gaggawa. Makamin mayaudari ke nan. Zai ce yanzu yanzu, zai ce kada ka gaya wa kowa. Duk maganar kuɗi da ba za ta iya jiran minti goma ba, a yi mata shakka. Sauri ya kan haifi nawa. A Amurka gwamnati ta yi wa ajiyar kowane memba inshora har dala 250,000, amma wannan domin ranar da ƙungiya ta karye ne. Kuɗin da mutum ya aika wa ɓarawo da hannunsa, da wuya ya komo.

Na huɗu, kada lambar sirri ta zama shekarar haihuwa ko lambobi a jere, kada kuma a rubuta ta a jikin kati. Sa'ad da na'ura ta maimaita adadin kuɗi, a saurara har ƙarshe kafin a ce i.

Na biyar, 'ya'ya su zauna da iyayensu tsofaffi su bayyana musu waɗannan abubuwa da ladabi. In an riga an yaudari wani, kada a yi masa dariya ko faɗa. Kunya ce ke sa mutane su yi shiru har ɓarawo ya komo karo na biyu. A gaggauta sanar da ƙungiya ko banki, gama sa'o'in farko su ne masu muhimmanci.

Akwai kuma abu ɗaya da memban ƙungiya ya fi mai ajiya a banki da shi, watau ƙuri'arsa. 'Yan'uwanmu da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, a waje ko a gida, su riƙa zuwa taron shekara suna tambaya. In na'ura ta kasa gane tsoho, ta wace hanya zai sami mutum? In an adana zanen muryoyinmu, wa ke tsaronsa, kuma memba yana da ikon ya ƙi? Waɗannan tambayoyi haƙƙinsu ne, domin su ne masu gidan, na'ura kuwa baranya ce.

Raiffeisen da Desjardins sun gina ƙungiyoyinsu a kan mutanen da suka san juna. Na'ura ta ɗauke wa ma'aji wahalar kwana a bakin waya, mun gode mata. Amma sanin wanda ke magana da kai, da tabbatarwa kafin ka saki abin da ka tara da gumi, wannan aiki yana nan a wuyanmu. Muna roƙon kowane maigida da uwargida su tara yara da manya a daren yau, bayan an ci tuwo, su zaɓi kalmar nan ta gida.